Ƙarfi, Zama, Launi: Yadda Ake Zaɓen Tabarau Na Harbi Da Darasinsa Ga Mutanen Rigasa

 



An nemi in yi magana a kan tabarau ɗin da maharba ke sawa a wasan harbin faifai. Na san a cikinku akwai mai cewa a ransa, mu a Rigasa ina ruwanmu da wasan masu kuɗin Turai da Larabawa? Ku ba ni aron kunnuwanku. Mutanen nan sun shafe fiye da shekara ɗari suna nazarin abu guda: yadda mutum zai kare idonsa kuma ya ga abin da yake nema sarai. Sakamakon da suka samu ya shafi mafarauci, ya shafi ɗan bindigar Sallah, ya shafi mai walda a Makarfi Road da ɗan acaɓan da ke jiran fasinja a tashar jirgin ƙasa.

Kafin in shiga, bari in faɗi abu ɗaya ƙarara. Wannan lacca ba kira ba ce ga kowa ya nemi bindiga. Dokar Makamai ta 1959 tana nan daram. Bindigar farauta mai harsashi sai da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda, ta gargajiya mai ɗurin baki kuwa sai da na Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Mutanen jihar Kaduna ba sa bukatar a gaya musu ɓarnar makami a hannun da bai dace ba. Maganarmu yau ta ido ce.

Wasan da abin da ake harbi

A da tattabaru masu rai ake saki a harba. A gasar Olamfik ta birnin Faris a 1900 an kashe kusan 300, kuma daga nan ba a sake yin haka a Olamfik ba. Tun kafin wannan, a 1880, wani mutumin Cincinnati a Amurka mai suna George Ligowsky ya ƙirƙiro faifan yumɓu da na'ura ke cillawa sama a maimakon tsuntsu. Na yau da garin farin dutse da kwalta ake yin sa. Faɗinsa santimita 11, nauyinsa kimanin giram 105, galibi a shafa masa fenti ruwan goro.

Manyan rassan wasan a Olamfik biyu ne. A tiraf, na'urori 15 na cikin rami mita 15 gaban maharba. Mutum ya yi kira, faifai ya fito da gudun da ya haura kilomita 100 a awa, bai san ko dama zai nufa ko hagu ba. A sikit, wanda ya samo asali a jihar Massachusetts a shekarun 1920 kuma ya shiga Olamfik a 1968, faifai na fitowa daga ɗakuna biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, maharbi yana zagaya matsaya takwas. A ta takwas ɗin faifan kan taho kusan saitin kansa, don haka in ya fasa shi, tarkacen a kansa yake zubowa.

Musulmi sun yi suna a wasan. Ahmed Al Maktoum na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya ci zinare a Atina a 2004. Fehaid Al-Deehani na Kuwait ya ci zinare a Rio a 2016. Ɗan ƙasarsu Abdullah Al-Rashidi ya ci tagulla a Tokyo yana da shekara 57, shekarun da da yawa cikinmu sai mun miƙa takarda nesa kafin mu karanta. A Ingila da Amurka manyan ƙungiyoyin wasan sun wajabta sa tabarau a gasanninsu, komai ƙwarewar mutum.

Me suke tsoro? Harsashi guda na gasa yana ɗauke da giram 24 na ƙwayoyin darma, kimanin 300, kowace kamar ƙwayar gero, suna barin bakin bindiga da gudun kusan mita 400 a daƙiƙa. Wasu kan bugi faifai ko dutse ko itace su dawo. Ga tarkacen faifai mai kaifi, ga ɓurɓushin albarushi da iska kan turo fuska. Abin da zai taɓa kumatu ya bar ɗan tabo, in ya sami ido sai ya huda shi.

Ƙa'idar da suka cim ma mai hawa uku ce, kuma jerin yana da muhimmanci: ƙarfi tukuna, sannan zama a fuska, launi a ƙarshe. Mu kuwa a Kasuwar Barci ko gaban mai allon tabarau a bakin titi, daga ƙarshe muke farawa. Mu duba baƙinsa, mu leƙa madubi, mu taya, mu biya. Ƙarfi ba ma ko tambaya.

Na farko: ƙarfi

Tabarau na gilashin gaske, in abu ya buge shi da ƙarfi, fashewa yake yi ya shige ido, sai rauni ɗaya ya zama goma. Robar banza ta tabarau ɗin ado ita ma tsagewa take yi. Abin da maharba ke amfani da shi wata roba ce mai suna polikabonet, wadda aka gano a 1953 a kamfanin Bayer na Jamus da General Electric na Amurka kusan lokaci guda. In an buge ta lanƙwasawa take yi ta shanye bugun. Akwai kuma Trivex da kamfanin PPG ya fito da ita a 2001, ta fi sauƙin nauyi amma ta fi tsada.

Ta yaya za ka gane? Da tambarin gwaji. Ka juya tabarau ɗin, ka duba cikin hannunsa da gefen gilashin. Idan ka ga Z87 da alamar tarawa a gabansa, wato Z87+, ya ci gwajin Amurka. A wannan gwaji ana harba masa ƙwallon ƙarfe mai faɗin milimita 6.35 da gudun kusan mita 46 a daƙiƙa, sannan a sako masa ƙarfe mai tsini na giram 500 daga tsayin santimita 127. Idan na Turai ne sau da yawa za ka ga EN 166 da harafi. F na nufin ya jure ƙwallon milimita 6 a gudun mita 45 a daƙiƙa, wato kilomita 162 a awa. B na nufin mita 120, shi kuwa a tabarau mai rufe ido ruf ko garkuwar fuska ake samunsa. S ƙarfinsa kaɗan ne, bai isa harbi ba. Tambarin ya kasance a kan gilashi da kuma firam, domin gilashi mai ƙarfi a firam mai rauni ɓallewa zai yi ya faɗa ido.

Ku lura da lissafin: gwaji mita 46 ne, harsashi mita 400. Babu tabarau da zai tare harbi kai tsaye a kusa. Aikinsa tare abin da ya dawo, da tarkace, da ƙwayar da ta yi nisa ƙarfinta ya ragu, kuma waɗannan su ne maharbi ya fi cin karo da su. Tabarau ba ya ɗauke wa kowa wajibcin kiyaye inda bakin bindigarsa ke kallo.

Wani zai ce, Malam, ai tambari ma ana buga na jabu. Gaskiya ne. Shawarata biyu. Ku saya wurin masu sayar da kayan kariyar ma'aikata, ba wurin mai kayan ado ba. Sannan in ƙungiya ce za ta saya da yawa, ta sadaukar da guda: a ɗora shi kan kututture, a rufe da tsumma, wanda ya sa nasa tabarau ya buge shi da guduma a gaban kowa. Polikabonet zai lotsa ko ya yi tabo, jabu zai tarwatse. Wannan ba gwajin masana'anta ba ne, amma yana tona asirin maƙaryaci.

Na biyu: zama a fuska

Sarkin Baka, ran ka ya daɗe, kai shaida ne. Mai harbi ba ya kallon abu da kai a miƙe. Yana kafa gindin bindiga a kafaɗa, ya kwantar da kunci a kai, kansa ya ɗan sunkuya gaba, idonsa ya koma kallo ta ƙarƙashin gira. A wannan yanayi tabarau na yau da kullum yana barin ido tsirara ta sama, ko kuma sandar firam ta gitta daidai inda ake saiti. Shi ya sa tabarau na harbi ke zama sama a fuska, gilashinsa mai faɗi, sau da yawa babu firam a kewaye, kuma abin da ke zama kan hanci ana iya ɗaga shi ko sauke shi. Ya naɗo gefen fuska domin abin da zai zo ta gefe. Hannayensa sirara ne don kada su ɗage abin toshe kunne. A bar ɗan sarari tsakaninsa da goshi domin iska ta ratsa, in ba haka ba zufa da tururi su rufe shi a zafin watan Afrilu.

Don haka kada ka gwada tabarau a tsaye kana kallon madubi kawai. Ɗauki sanda, kafa ta a kafaɗa yadda kake yi a daji, kwantar da kunci, ka ga ko firam ya shiga idonka. Girgiza kai, sunkuya kamar mai ruku'u. In ya zame a shago, a daji faɗuwa zai yi.

Masu tabarau na likita, ku saurara. Wanda aka raba biyu, sama na nesa ƙasa na karatu, da wanda ƙarfinsa ke sauyawa a hankali daga sama zuwa ƙasa, ba su dace da bin abu mai gudu ba. Ka gaya wa mai auna ido sana'arka, a yanka maka na nesa zalla a kan polikabonet, ko ka sami na kariya mai faɗi da ake ɗorawa a kan naka.

Akwai kuma batun idon da ke jagora. Kowa ya miƙa hannuwansa biyu gaba, ya haɗa su ya bar ɗan rami a tsakani. Ku kalli agogon bango ta ramin da idanu biyu a buɗe. To, rufe na hagu. Wanda agogo ya tsaya masa, idon damansa ne jagora. Wanda ya ɓace masa, na hagu ne. Kimanin mutum biyu cikin uku na dama ne. Matsala tana ga mai harbi da kafaɗar dama alhali idon hagu ke jagora: zai yi ta kuskure ta gefe guda, har a ce an yi masa asiri. 'Yan wasa suna manna ɗan guntun salatif mai dishi-dishi a gilashin idon da ke kutse, daidai inda yake kallon bakin bindiga, sai ɗayan ya karɓi aiki ba tare da an runtse ido ba.

Na uku: launi

Sai yanzu muka iso inda mutane ke farawa. Doka ta farko: ka zaɓi mafi hasken launin da idonka zai jure ba tare da ka ƙanƙance shi ba. Dalili shi ne ƙofar haske da ke tsakiyar baƙin ido. A duhu buɗewa take yi, a haske ta tsuke, kuma in ta tsuke na kusa da na nesa sun fi fitowa tas. Baƙin tabarau yana buɗe ta. Mafi muni, baƙin tabarau na araha da ba ya tare hasken ultrabayolet yana buɗe ƙofa ne ya bar mai cutarwa ya shiga fiye da in babu tabarau. Araha ba ta ado. Polikabonet, ko fari ne tas, yana tare kusan duk wannan haske.

Ana raba duhun tabarau hawa biyar, daga 0 zuwa 4. Hawa na 0 yana barin kashi 80 zuwa 100 na haske ya wuce, na 2 kashi 18 zuwa 43, na 3 kashi 8 zuwa 18. Na 4 yana barin kashi 3 zuwa 8 kacal, kuma ba a tuƙi da shi. Direbobi da 'yan Keke, ku riƙe wannan.

Fari tas na dare ne da asuba da cikin kurmi. Rawaya na ranar gajimare da hazo, domin yana rage shuɗin haske da ƙura ke watsawa, gefen abubuwa ya fi fitowa. Wannan tsohon sani ne, tun 1938 kamfanin Ray-Ban ya fitar da tabarau na maharba mai gilashi rawaya. Amma rawaya ba ya ƙara haske, kuma ba maganin fitilun mota da dare ba ne. Ruwan goro da ja-ja suna fito da faifan wasa. Shunayya yana dusashe koren ganye. Ruwan ƙasa na rana tsaka ne. Ruwan toka yana rage haske ba tare da sauya launi ba, ya fi dacewa da tuƙi.

A nan dole mu yi amfani da hankalinmu. Yawancin shawarwarin launi an rubuta su ne domin filayen Turai masu koren ciyawa. Mu da damina kawai muke da irin wannan kore. Farauta kuwa da rani ake yin ta, bayan an kawar da amfanin gona, lokacin da ciyawa ta bushe, ƙasa ja, sama fari fat da ƙurar hunturu. Shunayyan da ake yabo a Ingila ba shi da koren da zai dusashe a dajinmu a watan Janairu. Mai ƙaramin ƙarfi ya sayi biyu: fari da ruwan ƙasa mai haske. In ɗaya kawai zai iya, ya ɗauki fari mai tambari.

Mu dawo gida

'Yan bindigar hawa, ku ne adon Sallah a Zazzau da Katsina da Kano, kuma a Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya. Amma kun fi kowa sanin cewa bindigar ɗurin baki tana tofar da wuta da ɓurɓushi kusa da fuska, kuma in an cika mata albarushi don ta yi ƙara, bututu na iya fashewa. Farin tabarau ba zai rage wa rawani kwarjini ba.

Mafarauta, kuna shiga daji a jere cikin ƙura da ƙaya. Reshen da na gaba ya saki ma ya isa ya tsone ido.

Masu walda na Rigasa da Panteka, naku ya bambanta. Duk wanda ya yi walda da baƙin tabarau na ado ya san daren da ke biyo baya. Da rana lafiya lau, sai bayan awa shida zuwa goma sha biyu, cikin dare, ya farka kamar an zuba masa yashi, hawaye na zuba, ba ya iya kallon ko fitilar waya. Ƙunar ultrabayolet ce a fatar gaban ido. Waldar lantarki garkuwar fuska take so mai gilashi lamba 10 zuwa 13, sannan farin tabarau mai tambari a ƙarƙashinta domin lokacin garandin da ɓamɓare kashin walda. Oga, yaron da ke riƙe maka ƙarfe shi ma ido biyu gare shi.

Iyayenmu mata, a gida danƙon harbin tsuntsu da bindigar roba mai ƙwaya da abin fashewa na Sallah su ne abin tsoro. Louis Braille, wanda ya ƙirƙiro rubutun makafi, an haife shi a Faransa a 1809 da idonsa lafiya. Yana ɗan shekara uku ya soki ido ɗaya da basilla a shagon mahaifinsa baduku, ciwon ya kama ɗayan, yana shekara biyar ya makance.

Ƙididdigar da masana na Hukumar Lafiya ta Duniya suka wallafa a 1998 ta ce ana samun raunin ido kimanin miliyan 55 a shekara, kuma mutum kusan miliyan 19 sun rasa ganin ido ɗaya ko ya raunana ta wannan hanya. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano kashi 4.2 cikin ɗari na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma kashi 84 cikin ɗari na wannan makanta ana iya kauce mata ko a warkar. Ƙasar da yanar ido da hawan jinin ido suka yi wa wannan kaya ba ta bukatar ƙarin na ganganci.

Malamai na zaune, za su gyara mini. A fiƙihunmu diyyar ido ɗaya rabin diyyar rai ce, raƙumi hamsin. A mazhabar Imamu Malik, mai ido ɗaya in aka tsiyaye masa wanda ya rage, diyya cikakkiya ake biya. Abin da Shari'a ta yi wa wannan kima, bai kamata mu tsaya ciniki a kan kuɗin robar da za ta kare shi ba. Masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, su tuna Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah.

Kula da tabarau, da abin yi in tsautsayi ya faɗa

Polikabonet yana da saurin karcewa. Kada a goge shi da bakin riga yana da ƙura. A ɗauraye da ruwa da ɗan sabulu, a tsane da tsumma mai laushi. Fetur da tina suna cinye shi, zafin gaban mota yana lanƙwasa firam. Wanda ya taɓa tare bugu mai ƙarfi ya gama aikinsa, a sauya shi ko da ba a ga tsaga ba.

In abu ya huda ido, kada a murza, kada a hura, kada a yi ƙoƙarin cirewa. Kada a ɗiga nono ko ruwan sukari ko tsimi ko maganin da aka saya a kemis ba da umarnin likita ba. A yanke gindin kofin roba a kifa a kan idon yadda ba zai danne shi ba, a manne, a tafi asibiti a take, kuma kada mara lafiya ya ci abinci ko za a yi aiki. In ruwan batir ne ko siminti, shi kam a wanke da ruwa mai tsabta aƙalla minti 15 zuwa 20 tun kafin a kama hanya. Allah ya yi mana gata: Cibiyar Ido ta Ƙasa, wadda aka kafa da doka a 1979, tana gefen titin Nnamdi Azikiwe, maƙwabciyarmu ce. Mutane na zuwa mata daga jihohi masu nisa, bai dace ɗan Rigasa ya kwana uku a gida da raunin ido ba.

Roƙona ga shugabanni

Ina roƙon abu uku. Sarkin Baka da shugaban 'yan bindiga su mayar da tabarau mai tambari sharaɗin fita, yadda 'yan wasan faifai suka yi: babu tabarau, babu shiga sahu. Ƙungiyoyin masu walda da 'yan acaɓa su haɗa kuɗi su sayo a sari, su gwada guda a bainar jama'a kafin su raba. Ogannin sana'a kuma su sa tabarau cikin kayan da suke ba yaro ranar da ya fara koyo, su kuma fara sawa da kansu, domin yaro abin da ya gani yake kwaikwayo.

Allah ya kare mana ji da gani, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya zaunar da Rigasa da jihar Kaduna da Nijeriya lafiya.